Daga Ɗauri Zuwa Gudu: Tarihin Kalmar “Fast” a Turanci

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da fassara ga ɗaliban da ke shirin shiga aikin jarida, na ba su wani ɗan gajeren labari na Turanci na ce su mayar da shi Hausa. A cikinsa akwai jimlar da ke cewa an tarar da wani yaro “fast asleep” a bayan mota. Kusan duk ajin suka rubuta cewa yaron ya yi barci da sauri. Ɗaliba ɗaya ce ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ni fa abin bai kwanta mini ba. Cewa aka yi an tarar da shi, ba wanda ya ga lokacin da barcin ya ɗauke shi. To ta ina saurin ya shigo?” Gaskiyarta. Yaron nisa ya yi a barci, irin barcin da ko an ɗaga shi an saɓa a kafaɗa ba zai farka ba. Babu sauri a cikin jimlar ko kaɗan.

Tambayar yarinyar nan ce ta sa na bi sawun kalmar. Duk yaron da ya kai aji uku a firamare ya san “fast” sauri ce. Amma matuƙin jirgin ruwa in ya ce “make fast”, nufinsa a ɗaure jirgin tam a bakin gaɓa kada ya motsa. Mai sayar da yadi in ya ce launin “fast” ne, yana nufin ba ya zuba. “Fast friends” aminai ne na ƙut-da-ƙut. Ga kuma azumi, shi ma “fast” ne. Wanda ya fara cin karo da wannan zai zaci kalmomi ne daban-daban da suka haɗu a rubutu kawai, kamar garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Ba haka abin yake ba. Uwarsu ɗaya, kuma tsayuwar ce babba, gudun ƙanenta ne da aka haifa bayan ɗaruruwan shekaru.

Wajen shekarar 410 mulkin Rumawa ya ƙare a tsibirin Birtaniya. A ƙarnin da ya biyo baya wasu ƙabilu suka riƙa ƙetaro teku daga gaɓar da a yau take arewacin Jamus da Denmak, su ne Angles da Saxons da Jutes. Harshen da suka zo da shi ne ya zama Tsohon Turanci, wanda Baturen yau ba ya iya karanta shi sai ya zauna ya koye shi kamar baƙon harshe. A cikinsa akwai sifa “fæst”, ma'anarta kafaffe, ɗaurarre, abin da ba ya jijjiga. Mu da amsa-kama muke faɗin wannan: ya zauna daram, ya riƙe gam, ya ɗaure tam, ya tsaya ƙyam. Daga gare ta suka sami “fæsten”, wato wurin da aka kange da ganuwa ko duwatsu yadda abokan gaba ba sa iya shiga, kuma har yau marubuta na kiran maɓoyar mayaƙa a cikin tsaunuka “fastness”. Daga gare ta aka sami aikatau ɗin da ya zama “fasten”, wanda duk alhajin da ya hau jirgin sama ya ji shi, lokacin da ake sanarwa kowa ya ɗaura bel. Haka “steadfast”: rabinta na farko tsohuwar kalma ce mai nufin wuri, don haka asalinta mutum ne da ya kafe a gurbinsa ranar yaƙi, bai ja da baya ba.

In aka leƙa gidajen 'yan uwan Turanci za a tarar da kalmar tana nan inda kakanni suka ajiye ta. Jamusawa na cewa “fest” ga abu mai ƙwari, suna kiran sansani mai ganuwa “Festung”, ƙasar da ba tsibiri ba kuma “Festland”, wato ƙasa kafaffiya. Mutanen Holan na cewa “vast”. A Suwidin saurayin da aka yi wa baiko “fästman” ne, budurwarsa “fästmö”, waɗanda aka riga aka ɗaure ke nan. Turawan Ingila da Sikotland na dā ma suna da “handfast”, alkawarin aure da ake ƙullawa da haɗa hannu. Wanda ya taso yana jin ɗaurin aure ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk cikin waɗannan harsuna babu inda kalmar take nufin gudu a yau. Turanci ne ya kai ta can.

Ba wai masu Tsohon Turanci ba su da kalmomin sauri ba ne. Suna da “swift”, wadda ta rayu har yanzu, ko da yake ta fi zama a rubutu fiye da bakin mutane. Suna da “snel”, 'yar uwar “schnell” ta Jamusanci, wadda ta ɓace daga Turancin Ingila, ta saura a bakin mutanen Sikotland da ma'anar iska mai tsananin sanyi. Suna kuma da wata, “hræd”, wadda ta mutu ta bar 'ya guda da ba wanda yake gane ta: “rather”. Asalin wannan kalma shi ne “da sauri fiye”, don haka mai cewa “I would rather” a tushe cewa yake zai fi saurin yin wannan kafin wancan.

Kafin a zo kan gudu, akwai reshen da ya riga shi tsirowa, kuma shi ya fi taɓa ni. A ƙarni na 4 an yi wani bishof mai suna Wulfila a cikin ƙabilar Goth, waɗanda a lokacin suke zaune a yankin kogin Danube. Ya ƙirƙira wa harshensu baƙaƙe, yawancinsu daga na Girkanci, ya fassara Baibul da su. Wani ɓangare na aikin ya tsira a cikin kundin da ake kira Codex Argenteus, wanda aka kwafa a Italiya a ƙarni na 6 da tawadar azurfa a kan fata mai launin shunayya, yana ajiye yanzu a ɗakin karatu na Jami'ar Uppsala a Suwidin. Shi ne dogon rubutu mafi tsufa da ake da shi a dangin harsunan da Turanci ya fito. A cikinsa akwai aikatau “fastan”, kuma aiki biyu yake yi: kiyaye umarni ko tsare abu, da kuma barin ci don ibada. Daga nan ake ganin yadda tunanin ya tafi. Mai azumi mutum ne da ya riƙe doka gam, ya riƙe kansa. Da Kiristanci ya shiga Ingila, daga zuwan Augustine a Kent a 597 zuwa gaba, “fæstan” ta zama kalmar azumin coci, kamar yadda “fasten” take a Jamusanci har yau.

Na daɗe ina jinjina wannan, domin hanyar da su suka bi ita muka bi ba tare da mun san juna ba. Malamanmu na fiƙihu in za su fara babin azumi sukan ce saumu a lugga shi ne kamewa. Lokacin da ake daina cin sahur ana kiransa imsaki, riƙewa ke nan. Bahaushe kuma ya ce ya kame baki. Da rana ta faɗi mu mu buɗe baki, su kuma su karya azumin, “break the fast”, kuma daga wannan aka sami “breakfast” a ƙarni na 15, domin barcin dare ma wani ɗan azumi ne. Mu ma da safe karyawa muke yi, sai dai abin da muke karyawa kumallo ne, ɗacin nan da ke taso wa mutum in ciki ya kwana ba komai. Faransawa na cewa “déjeuner”, warware azumi, har ma “dinner” ta Turanci, in aka bi ta ta tsohon Faransanci zuwa Latin, nan take komawa. Kalmar “feast” ta biki da shagali kuwa, duk da kamar da take yi da “fast”, ba dangi ba ne, ita daga Latin ta zo.

To yaya abin da ke nufin kafewa ya koma gudu? Amsar ba a jikin sifar take ba, a jikin bayanau ɗinta take. A Tsohon Turanci in ana so a ce an yi abu da ƙarfi ko an riƙe shi gam, sai a ƙara wasali a ƙarshe a ce “fæste”. Daga baya Turawa suka daina furta wasalin ƙarshen kalmomi irin wannan, sai sifa da bayanau suka zama abu guda a baki da rubutu. Shi ya sa ɗalibin da ya rubuta “fastly” malami yake ja masa jan biro: kalmar ta riga ta zama bayanau da kanta tun tuni, ba ta bukatar wutsiya.

A tsakanin haka wasu baƙi suka zo. A 793 mahara daga ƙasashen arewa, waɗanda ake kira Viking, suka afka wa gidan ibada na tsibirin Lindisfarne. A 865 babbar runduna ta sauka, wannan karon da niyyar zama, ta ci York a 866. Sarki Alfred na Wessex ya tare su a Edington a 878, aka yi sulhu, gabashi da arewacin Ingila suka zama yankin da dokar mutanen Denmak ke aiki. Daga 1016 zuwa 1035 ma ɗansu Cnut ne ke sarautar Ingila gaba ɗaya. Suka yi noma, suka yi auratayya, suka ci kasuwa ɗaya da 'yan ƙasa. Harsunan biyu kuwa dangi ne na kusa, ana iya fahimtar juna da ɗan ƙoƙari. Irin wannan zama ne ke sa aro ya shiga har ɗaka. Kalmomin Turanci na ƙwai da fata da sararin sama da taga da ƙafa, wato “egg”, “skin”, “sky”, “window”, “leg”, duk daga bakin baƙin nan suka fito, har da wakilan suna “they” da “them” da “their”, abin da harshe ba ya cika arowa.

Su ma suna da tasu “fast”, kuma sun fi sakar mata linzami. A harshensu ana haɗa ta da aikatau iri-iri don nuna tsanani: wanda ya sha da yawa ya sha “fast”, wanda ya yi nisa a barci ya yi barci “fast”. Ta zama kamar yadda muke cewa sosai, ko da ƙarfi, ko haiƙan. Masana da yawa na ganin zama da su ne ya ƙarfafa wannan amfani a Ingila. Daga nan sauran taki ɗaya ne. Wanda ya riƙe igiya da ƙarfi bai motsa ba, amma wanda ya yi gudu da ƙarfi ya yi nisa. Wanda ya tuƙa kwalekwale haiƙan ya riga kowa isa gaɓa. Wajen shekarar 1200 an fara ganin bayanau ɗin a rubuce da ma'anar hanzari.

Akwai bayani na biyu da ake kawowa. Abin da aka ɗaure da wani abu yana manne da shi, don haka “fast” ta sami ma'anar kusa, dab da. Tsofaffin marubuta kan ce gida yana “fast by” kogi, wato a bakinsa. Mai bin sawun wani dab da dab, ba ya barin tazara, dole ya yi sauri, kuma abin da ya biyo bayan wani abu dab da shi ya zo nan take. Wannan hanya ce Jamusanci ya bi ya ɓulla wani wuri daban: a can “fast” ta taɓa nufin ƙwarai, a zamanin Martin Luther haka take, yau kuma tana nufin kusan, saura kaɗan. Bajamushe in ya ce ya “fast” gama, bai ce ya yi sauri ba, cewa ya yi ya kusa.

Ina ganin hanyoyin biyu duk sun zuba ruwa a kogi ɗaya, amma ta farko ta fi rinjaye a wurina, saboda abin ya maimaita kansa a wurare da yawa. A Holan direban da ke sheƙa gudu ana cewa yana tuƙi “hard”, kalmar da ke nufin tauri, wasan tsere da ƙafa kuma “hardlopen” ne. “Schnell” ta Jamusanci a dā jarumi mai kuzari take nufi. “Geschwind”, wata kalmarsu ta sauri, 'yar uwar wata tsohuwar kalma ce mai nufin ƙarfi. “Bald”, wadda a wurinsu take nufin nan ba da jimawa ba, ita ce “bold” ta Turanci, mai ƙarfin zuciya. Wannan ba zai zama katari ba. Mutumin da bai taɓa ganin agogo mai nuna daƙiƙa ba, bai san mil kaza a awa ba, da me zai auna gudu? Da abin da idonsa ya gani: doki yana kumfa, masu tuƙin jirgi jijiyoyin hannunsu sun tashi, manzo ya iso yana haki. A wurinsa sauri ƙoƙari ne da ba a sassauta ba. Mu ma in kogi ya kawo mukan ce ruwan na tafiya da ƙarfi, kuma kowa ya san gudunsa muke nufi. Riƙon da ba a saki ba da gudun da ba a sassauta ba, a idon mutanen nan, hali ɗaya ne.

Abokiyar hamayyar “fast” a wannan fage, “quick”, ta wata ƙofa ta shigo. A Tsohon Turanci “cwic” rayayye take nufi, kuma tushenta ɗaya da “vivus” ta Latin da “bios” ta Girkanci. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 har lokacin ana amfani da ita a matsayin kishiyar matattu. Tsohuwar ma'anar ta maƙale a wasu kalmomi: zaiba, ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa, “quicksilver” ne, azurfa mai rai, yashin da ke haɗiye mutum “quicksand” ne, motsin farko da mai ciki take ji “quickening” ne, naman da ke ƙarƙashin farce, wanda in an yanke shi ake jin zafi har ƙwaƙwalwa, shi ma “the quick” ne. Abu mai rai yana motsi, mai motsi yana da kuzari, wajen 1300 sai ta fara nufin hanzari. Wannan ma ba baƙon tunani ba ne gare mu, mu da muke cewa wane yana da zafin nama, wane kuma jikinsa a mace yake. Har yau bambancin asalin yana nan a yadda ake amfani da su. Mota da jirgi da ɗan tsere “fast” ne, gudu mai ɗorewa. Amsa da fahimta da fushi “quick” ne, abin da ke tashi farat ɗaya. Ita kuwa “speed” nasara da wadata take nufi a dā, shi ya sa addu'ar sallamar matafiyi ta “Godspeed” roƙon dacewa ce, ba ta ce masa ya yi sauri ba. “Rapid” baƙuwa ce ta ƙarni na 17, daga aikatau na Latin mai nufin fizge.

Mu koma kan tamu. Kusan shekara ɗari uku da hamsin “fast” tana nufin hanzari a matsayin bayanau, sai a ƙarni na 16 ma'anar ta zauna sosai a jikin sifar, aka riƙa cewa doki “fast” ne. A wannan ƙarnin ma'anonin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, tsohuwar ma ta fi ƙarfi. Akwai wata cacar 'yan damfara da ake yi a kasuwannin Ingila a lokacin: a naɗe ɗamara ko igiya a kan tebur, a ce wa mutum ya soka tsinke a tsakiyar naɗin yadda in an ja za ta kama. Ya zuba kuɗinsa, ya soka, mai wasan ya ja ta wata fuska, igiyar ta zame. Sunan wasan “fast and loose”, a ɗaure da a sake. William Shakespeare ya ambace shi a wasanninsa fiye da ɗaya, ciki har da King John da Antony and Cleopatra, kuma har yau haka ake kwatanta mutumin da ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Na sha ganin an fassara shi da gaggawa da sakaci, kuma kuskure ne. Haka “hard and fast”, da ake faɗa wa dokar da ba ta lanƙwasuwa: maganar matuƙa ce, ta jirgin da ya hau yashi ya kafe.

Akwai wadda ta yi hasara a wannan zamani, kuma ina jin takaicinta. Tsohon Turanci yana da “scamfæst”, wanda kunya ta ɗaure, yabo ne ga mai kamun kai, irin wanda mu za mu ce yana da kunya ko yana da kara. Da mutane suka daina jin ma'anar ɗauri a ƙarshen kalmar, sai kunnensu ya mayar da ita “shamefaced”, mai fuskar kunya. A hankali ta tashi daga halin kirki ta koma kamannin wanda aka kama da laifi.

Masana harshen Turanci suna sa “fast” a jerin kalmomin da ke ɗauke da ma'ana da kishiyarta. Malaman Larabci sun riga su wannan bincike da nisa. Suna kiran irin waɗannan kalmomi al'addad, kuma Ƙuɗrub, wanda ya rasu a 821, da Ibnul Anbari, wanda ya rasu a 940, kowannensu ya yi littafi a kai. Ɗalibin fiƙihu ya san misali ɗaya da ba ya mantuwa, ƙur'u a babin idda, wanda Malikawa da Shafi'awa suka ɗauka tsarki ne, Hanafawa suka ce haila ce. Sai dai ni ban ga “fast” a matsayin kalmar da ta juya wa kanta baya ba. Aikatau ɗin da ta raɓa shi ne ke ba ta fuska. In ta raɓi riƙo sai ta zama ɗauri, in ta raɓi barci ta zama nauyi, in ta raɓi gudu ta zama sauri.

Abin da ya ɗaga sabuwar ma'anar sama da tsohuwar inji ne. A gwajin da aka yi a Rainhill a 1829, kan jirgin ƙasa na George da Robert Stephenson mai suna Rocket ya kai kusan mil 30 a awa, kuma a watan Satumba na 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester. Daga nan gudu ya rabu da gumi. Mutum na zaune a kujera, bai motsa ko yatsa ba, yana tafiyar da doki ba zai jure ba. Sauri ya zama lamba da ake bugawa a jadawali. Har agogo ya shiga ciki. A dā kowane gari da lokacinsa gwargwadon rana, Bristol tana bayan Landan da kimanin minti 10. Kamfanin jirgin ƙasa na Great Western ya ɗora tashoshinsa kan lokacin Landan a 1840, doka ta mayar da lokacin Greenwich na ƙasa baki ɗaya a 1880, kuma har yau agogon da ke jikin ginin kasuwar hatsi ta Bristol yana da hannun minti biyu, ɗaya na gari, ɗaya na Landan. A irin wannan duniya, a ce agogonka “fast” ne, wato yana gaba, magana ce da ke iya sa ka tsaya jiran jirgi.

Tun ƙarni na 18 kuma an fara kiran mai shashanci da almubazzaranci da cewa rayuwarsa “fast” ce. Kalmar da ta haifi azumi da kamun kai ita ce ta koma sunan wanda ya saki kansa. Sai Amurka ta karɓa. An buɗe White Castle a Wichita a 1921, 'yan uwa biyu masu suna McDonald suka sake tsarin kicin ɗinsu a San Bernardino a 1948 yadda abinci zai fito cikin ɗan lokaci, kuma a farkon shekarun 1950 “fast food” ta shiga bakin mutane. Wannan ma'ana ce ta iso makarantunmu da talabijin ɗinmu da wayoyinmu, har ta rufe sauran, shi ya sa ɗalibaina suka ga sauri a barcin yaro.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, ta koma wurin masu sana'a ne. Marina na cikinsu. Duk macen da ta taɓa sayen atamfa ta san tambayar farko: tana zuba? Masu rini a Turai da wannan suke auna aikinsu, launin da ya jure wanki da rana shi ne “fast”. Bayan William Perkin ya samo launin shunayya daga kwalta a 1856 yana ɗan shekara 18, masana'antun rini na zamani suka bunƙasa, musamman a Jamus, kuma likitoci suka fara aron launukan don rina ƙwayoyin cuta su gan su a madubin likita. Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar a Balin cewa ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka, ranar da duniya ke tunawa da cutar har yanzu. A shekarar Paul Ehrlich ya lura da wani hali nata: tana da wuyar karɓar rini, amma in ta karɓa ko an wanke ta da asid ba ta saki. Franz Ziehl da Friedrich Neelsen suka gyara hanyar a 1882 da 1883. Jamusawa suka ce ƙwayar “säurefest” ce, Turawan Ingila suka mayar da ita “acid-fast”.

Dalilin shi ne jikin ƙwayar yana lulluɓe da wani abu mai kama da kakin zuma. A ɗakin gwaji sai a shafa majinar mai tari a kan ɗan gilashi, a zuba jan rini, a ɗumama shi ya ratsa kakin, a wanke da asid, sannan a bi da shuɗi. Komai na kan gilashin zai saki ja ya karɓi shuɗi, ban da ita. Wannan gwaji ne likita yake nufi in ya rubuta AFB a takardar wanda ya daɗe yana tari, a Kano ko Kumasi, kuma harafin tsakiyar nan “fast” ne. Ƙwayar tarin fuka tana cikin masu nawar girma, takan ɗauki kusan yini guda kafin ta rabu biyu, ana kuma jiran makonni kafin a ga tsironta in an shuka ta. Ma'aikacin gwaji yana duƙawa kan madubi, yana bin shuɗin fili a hankali, yana ƙirga 'yan siraran sanduna ja da suka riƙe rininsu gam.